Ranar Awo a Ƙasar Zunduma

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya saukar da ruwa ya fitar da hatsi, ya bar wa bayinsa aikin rabon tuwo. Ni ne Nomau ɗan Hansai, mutumin Kwarin Tsamiya, wanda yara suke kira Nomau Tulu idan sun tabbata ba zan iya kama su ba. Na ga duniya iyakar ganina, na ci abincinta iyakar cikina. Abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji shi ba, da ƙafata na taka, da harshena na ɗanɗana. Wanda ya yarda na gode, wanda bai yarda ba ya je ya tambayi matata.

Garinmu ba ya kwana da yunwa, amma kuma bai taɓa sanin ƙoshi ba. Wata shekara bayan girbi fatake suka sauka a kasuwarmu da labarin wata ƙasa can bayan duwatsun gabas, wai ita Zunduma, wadda kowace shekara sai ta fi bara arziki, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Dattawa suka taru suka ce lalle a aika mutum ya koyo sirrin. Da aka zo zaɓen ɗan aike, sai na ga duk idanu sun juyo kaina. Suka ce wai saboda na iya magana ne. Daga baya na ji cewa mai unguwa ne ya hango idan na bar gari na wasu watanni, hatsin da ke rumbuna zai kai mutane kaka.

Ni dai ban so tafiyar ba, kuma ina da dalili. Shekara da shekaru ina zaune da matata Tasalla ba haihuwa, har mun kai idan aka yi guɗa a maƙwabta kowannenmu sai ya sami abin da zai kalla a ƙasa. To a wannan shekarar Allah ya dube mu, ta sami ciki, ungozoma ta ce sai tsakiyar damina, lokacin marka. Ranar da zan tashi, Tasalla ta ɗauko igiyar rama ta auna faɗin ƙofar ɗakinta, wadda dama a kaikaice nake shigarta, ta yanke daidai ta miƙo mini.

"Maigida, riƙe wannan," in ji ta. "Duk inda ka sauka ka riƙa gwadawa. Ranar da ka ga ka fi igiyar nan faɗi, to a zaure za ka ga ɗanka, in an ga dama an miƙo maka shi. Kuma ka dawo kafin marka. Ba na so wani ya yi wa abin da ke cikina huɗuba alhali ubansa yana raye."

Na yi mata alkawari, na ƙulle igiyar a lalitata, na ɗauki jakar ƙuli-ƙuli na fuskanci gabas.

Na yi ta tafiya, na wuce dajin da itatuwansa suke sunkuyowa su gaida matafiyi, na wuce fadamar da kwaɗinta suke kiran mutum da sunan kakansa, har na iso Mashigin Matsi. Wata 'yar tsaga ce tsakanin duwatsu biyu, ba kuma wata hanya sai ita. Na ja numfashi, na matse ciki, na kutsa. Kai ya wuce, kafaɗa ta wuce, sai tulu ya ce shi nan ya zo. Na tura gaba ya ƙi, na ja baya ya ƙi. Ina nan maƙale sai ga biran da suke da kaɗanyar wurin sun sauko, sun zauna a jere suna kallona, babbansu yana sosa haƙarƙari. Na roƙe su taimako, babban ya ce su ba su ga abin gaggawa ba, in na yi 'yan kwanaki ba ci zan fita da kaina. Wannan magana ta fi matsin dutsen ciwo.

Sai na ce masa to madalla, ni ma ba sauri nake yi ba. Amma ya sani muddin ina nan hanya ta toshe, ba bafatake ɗaya da zai wuce, balle a jefa musu ɗan abin taɓawa. Ga kuma jakar ƙuli-ƙulina a bayana, a gefen da hannuna yake kaiwa, bakina kuma bai maƙale ba. Na zaro ɗaya na tauna shi a gabansu a hankali. Kafin in haɗiye, an kawo man kaɗanya a ƙwarya. Suka shafe ni tas, wasu suka ja ta gaba wasu suka tura ta baya, na fito suɓul na faɗa kan babban nasu. Rabin jakar na bar musu, muka rabu ana mutunci.

Bayan duwatsun akwai wani faffaɗan kogi, mai fitonsa kuwa wani tsohon kunkuru ne da bayansa ya kai masussuka faɗi. Da na hau, sai ya yi nishi ya nutse har wuya. Ya tambaye ni ina za ni, na ce Zunduma. Ya yi wata dariya da ta kaɗa ruwa, ya ce lalle za su so ni a can, shekaru yana ƙetare da masu jiki irina zuwa gabas, amma bai tuna ya dawo da ko ɗaya ba. Na ɗauka yabon ƙasar yake yi. Ya kuma gaya mini cewa kogin nan daga tafkin Zunduma yake fitowa, in na bi gaɓa ba zan ɓata ba.

Masu gadin ƙofar Zunduma sirara ne kamar karan dawa. Suna hango ni ɗaya ya saki mashinsa, ɗaya ya ruga ya ɗauko ganga. Kafin in gama sallama an kawo wata makara mai laima, ta ɗaukar masu rai, an ɗora ni, wasu ramammun mutane sun saɓa ni a kafaɗa ana kiɗa ana guɗa. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa murnar ganin cikina ba sai ranar, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi ƙwarai.

Aka kai ni gaban Magajin Awo, wanda shi ne mai faɗa a ji a ƙasar. Sunansa Korau, mutum ne mai fara'a da ladabi, ba siriri ba kuma ba mai jiki ba, yana riƙe da doguwar sanda. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce sirrinsu ba ɓoyayye ba ne, ya sa aka ɗauke ni zuwa bakin tafki don in gani da idona.

A kan ruwan akwai wani dandamali na katako, zagayayye, wanda ya fi kasuwar garinmu girma, yana zaune a kan manya-manyan goruna. Faifai suke kiransa. A gefensa na gabas an kafa wani allo da ya nutsa cikin ruwa, jikinsa duk zane-zane, wani bisa wani. Korau ya ce kowace shekara idan hadarin farko ya taso, duk mai rai a Zunduma sai ya hau Faifai, daga jariri har tsohon da ake ɗauka a baya. Sai a duba inda ruwa ya kai a jikin allon a zana. Idan ya wuce zanen bara, ƙasa ta ƙara nauyi ke nan, ƙasar da ta ƙara nauyi kuwa ta ƙara arziki. Ya nuna mini zanen da kan sandarsa, kowanne sama da na bayansa, ba wanda ya taɓa komawa ƙasa. Idonsa har ƙyalli yake yi.

Na tambaye shi yadda suke yi. Ya ce mahaifinsa ne ya gano dabarar. Idan ka ba manomi mudun gero, kafin la'asar ya fitar da shi a gumi, ƙasa ba ta ƙaru da komai ba. Amma idan ka ba wanda yake zaune, geron sai ya zauna tare da shi. Don haka suka zaɓo waɗanda jikinsu yake karɓar abinci, suka tara su a wani gida da ake kira Gidan Albarka, aka mai da yawancin amfanin gona can. Mutanen wannan gida Rumbunan Ƙasa ake ce musu, ba sa noma, ba sa tafiya, ba sa ko miƙa hannu su kori ƙuda. Na ce to sauran jama'a fa? Ya ce ai ba a manta da su ba, duk abin da ya zubo daga akussan Rumbuna yana gangarawa ta wata kwata zuwa unguwar ƙasa, kowa ya tara ƙwaryarsa. Kuma idan ƙasa ta kai nauyin da ake nema za a fara rabo sosai. Na ce yaushe ke nan? Ya ce ana dab, tun zamanin mahaifinsa ake dab.

A ranar aka naɗa ni Rumbu.

Jama'a, na ci abinci. Da safe waina da miyar taushe, a bi da kunun gyaɗa. Kafin hantsi funkaso da zuma. Da rana tuwon shinkafa mai laushin da ba ya bukatar haƙori, da farfesun kan rago, da dambun nama wanda ake zuba mini da ƙwarya. Fura da nono kuwa ba a lissafa ta cikin abinci, ruwan sha ce. Ina kishingiɗe a kan matasai masu taushi, wani yana yi mini fifita. Na ce a raina lalle na samo wa garinmu sirri, kuma na san wanda ya dace ya zama Rumbun farko a Kwarin Tsamiya.

Ranar da zafin bazara ya fara tsananta, na laluba lalitata ina neman tsinken sakace, sai hannuna ya taɓo igiyar Tasalla. Na warware ta na gwada a cikina ina murmushi. Murmushin bai daɗe ba. Igiyar ta ƙare, ni kuwa ban ƙare ba, akwai saura ta dama akwai saura ta hagu. Na sa aka kira mini Magajin Awo, na gode masa, na ce lokacin komawata gida ya yi, matata tana da ciki.

Korau ya taya ni murna da zuciya ɗaya, sannan ya ce sai dai Rumbu ba ya fita daga Zunduma. An riga an sa rai da nauyina a awon bana. Na ce to bayan awo. Ya ce ai bayan awo ne ma ba zai yiwu ba, domin in na tafi baɗi sai ta kasa bana, abin da ba a taɓa yi ba. Ya ce in ina so a aika a ɗauko matar tawa, in jikinta yana karɓar abinci. Ya yi mini sallama cikin ladabi, ya ƙara masu gadi a ƙofa.

Na tuna dariyar kunkuru. Na tuna Tasalla zaune a bakin ƙofar nan tata tana duban hanya, da wani ƙato can da zai sunkuya ya raɗa wa ɗana kalmar farko a kunne. Na yi kuka sosai, irin kukan da ciki yake girgiza kafin murya ta fito. A ranar, karo na farko a tarihin gidanmu, akushi ya koma daga gabana a cike.

Ba a jima ba sai ga mai girkin da kanta, akushin a hannu. Wata tsohuwa ce mai suna Marka, ƙashi da fata, amma muryarta ta cika ɗakin. Ta dangwarar da shi a gabana ta ce in gaya mata abin da ya rasa, gishiri ko daddawa, domin in akushi ya koma a cike mai girki ake tuhuma. Na ce ba abin da ya rasa, ni ne na rasa hanyar gida. Na ba ta labarin igiya. Ta saurara tana murza ta a yatsunta, ta ce matata mace ce mai hankali, ba ta san yadda aka yi ta aure ni ba.

Daga nan ta nuna mini wani tsauni na mutum da yake barci a ƙuryar ɗaki, Jatau, Rumbun da ya fi kowa nauyi a ƙasar. Ta ce ƙaninta ne, cikinsu ɗaya, ita ta goya shi. Tun yana saurayi aka ɗauke shi, yau ga shi sai an taru ake juya shi. Ita take dafa abin da yake ci, iyakarta ɗanɗana gishiri, jikokinta kuwa suna can bakin kwata da ƙwarya suna jiran ruwan wankin akushinsa. Ba da fushi ta faɗa ba, kamar mai ba da labarin yanayin gari.

Na tura mata akushin na ce, "Inna, kai wa yaran. Ni ma hanyata ke nan. In ban rame ba, ko an buɗe mini ƙofa Mashigin Matsi ba zai bar ni in wuce ba."

"Kai baƙo, kana da kirki amma ba ka da wayo," in ji ta. "Rumbun da aka ga ya fara saki, danne shi ake yi a yi masa ɗura kamar jariri. Sai ka rame ba tare da an ga ka rame ba."

Wannan matsala ta hana ni sukuni, har ranar da ake yi mana wanka a kududdufin tsakar gida. Wani mai hidima ya yi tuntuɓe, matashina ya suɓuce ya faɗa ruwa. Ina kallo ya ƙi nutsewa, yana ta yawo a sama abinsa. Na tambaya me ke cikinsa, aka ce audugar rimi. Nan take wata dabara ta faɗo mini.

Marka ta kai wa maƙwabtanta aiki, suka ɗinka mini wata 'yar shara mai aljihuna ciki da waje, wadda nake sawa ƙarƙashin babbar riga. Kullum da tsakar rana, idan zafi ya kwantar da masu gadi, abincina yakan fita cikin tulunan da ake cewa na ruwan wanke-wanke ne, ni kuma in zari auduga daga matashi in cusa inda nama ya bari. Sai in tashi in yi ta zagaya tsakar gida, in an tambaya in ce abinci nake gyara wa wuri. Kada wanda ya ce muku abin da sauƙi. Na sha kallon farfesu yana fita ta ƙofa ina yi masa addu'ar sauka lafiya, hawaye na zuba. Duk sanda zuciya ta raya mini in kira shi ya dawo, sai in ɗauko igiya in gwada.

Wata rana ina cikin cusa auduga sai na ji murya daga ƙurya. Jatau ne, ashe ba barci yake yi ba. Ya ce shi dai ya daɗe a gidan nan, bai taɓa ganin mutumin da yake ƙiba matashinsa yana ramewa ba. Na ce a raina shi ke nan, ɗura ta same ni. Sai ya ce in matso. Ya ce rabonsa da ganin yatsun ƙafarsa har ya manta ko nawa ne. Ya ce da mahaifiyarsu ta rasu, an rasa yadda za a fitar da shi ta ƙofa, daga kwance ya ji wucewar masu ɗauke da ita. Ya tambaya ko matan nan za su iya ɗinka riga irin tawa mai girmansa.

Sai da aka haɗa zannuwan unguwa guda, amma an ɗinka. Daga Jatau abin ya bazu. Wasu Rumbunan suka shiga don marmarin tafiya, wasu don sun ga Jatau ya shiga. Akwai waɗanda suka ƙi, har suka yi barazanar kai ƙara, sai dai kai ƙara yana bukatar mutum ya tashi. Tulunan wanke-wanke suka yi ta fita, abincin Jatau kaɗai yana ciyar da layi guda. Masu gadi ma da suka gane, sai suka ga ya fi musu sauƙi su ƙara nauyin barci a ajiye musu nasu tulun a gefe.

Kafin bazara ta ƙare, unguwar ƙasa ta canza. Yara suka fara guje-guje da faɗan wasa, manoma suka gama sharar gona da wuri har suka ƙara faɗinta. Korau ya zagaya ya gani, ya dawo Gidan Albarka yana murna, ya ce mana ga shi nan abin da mahaifinsa ya faɗa ya tabbata, albarka ta fara gangarawa. Ya dubi yadda muka cika riguna ya sa mana albarka. Na ji kunyarsa, don mutumin ba mugu ba ne, allonsa kawai ya yarda da shi fiye da idonsa.

Hadarin farko ya taso, aka buga gangar awo. Aka ɗauke mu a makara, masu ɗaukar suna ta nishin ƙarya don rufa mana asiri. Bisa al'ada, Rumbuna a gabas ake jera su, kusa da allo, ƙarƙashin rumfa, saboda su ne darajar ƙasa. Sauran jama'a kuwa suka yi yamma. Na lura a can gefen nasu an ɗaɗɗaure igiyoyi a jikin katako, kowa yana hawa sai ya kama ɗaya ya riƙe gam. Marka ta taɓa gaya mini cewa gefensu yakan ɗaga sama har su hango rufin gidajen gari, in ba ka riƙe igiya ba sai ka gangaro kan Rumbuna. Tun tana yarinya haka yake, kowace shekara kuma yana ƙara ɗagawa, su a zatonsu haka aka ƙera Faifai.

Kowa ya hau, aka janye gada, aka yi tsit. Faifai ya yi 'yar rawa, ya yi ƙara, sannan ya zauna daram, shimfiɗe kamar tabarma.

Korau ya durƙusa ya leƙa allo. Ya goge ido ya sake leƙawa. Ruwa bai kai zanen bara ba, bai kai na bara waccan ba, yana can ƙasa da zanen farko da mahaifinsa ya yi. Ya miƙe ya ce an yi wa ƙasa sata, nauyinta ya ɓace. Cikin ruɗewa ya dogara sandarsa a tumbin Rumbun da ke kusa da shi, sanda ta shige har rabi. Ya zare ta, sai auduga ta biyo baya. Ya soki na gaba, haka. Kafin ka ce me, iskar hadari ta kwashi audugar rimi ta cika sararin tafki fari fat.

Ana cikin haka sai hayaniya ta tashi daga yamma. Wani tsoho ne ya fara cewa ruwa ya taɓa masa ƙafa. Mutane suka saki igiyoyi suka duba, ga ruwa nan yana lasar bakin katako a gefen da bai taɓa jiƙa ba. Mata suka rangaɗa guɗa, yara suka zauna a baki suna facal-facal da ƙafa. Korau ya ruga can ya gani, ya dawo gabas ya leƙa allo, ya sake komawa. Daga ƙarshe ya tsaya a tsakiyar Faifai, auduga a gemunsa, yana cewa gabas ta ce mun rame, yamma ta ce mun yi ƙiba.

Sai Jatau ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya tuɓe rigar audugarsa ya yar. Har yanzu ƙato ne, amma ƙato mai tsayuwa da ƙafarsa. Ya fara takawa, yana tangaɗi kamar mai koyon tafiya, jama'a suna darewa, har ya ƙetare Faifai ya tsaya gaban Marka.

"Yaya, na zo," in ji shi.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta kama hannunsa. "Ka daɗe a hanya, auta."

Ni kaina sai da na share ido. Amma ban sami damar gama sharewa ba, don ɗaya daga cikin Rumbunan da suka ƙi shiga ya ɗaga yatsa da ƙyar ya nuna ni, ya ce baƙon nan ne ya kawo wannan fitina. Korau ya ce a kama ni. Masu gadi suka taho, sai dai tafiyar tasu irin ta wanda ya tuna tulun da aka ajiye masa ce, wannan ya tsaya gyara takalmi, wancan ya tsaya tari. Ban iya iyo ba, ko a rafin garinmu iyakata gwiwa. Na tuna matashin nan, na yi bisimilla, na rufe ido na faɗa tafki.

Na nutse, na sha ruwa, sannan na ji an cillo ni sama. Rigar auduga ta riƙe ni, ina yawo a kan ruwa kamar gora. Marka ta kutso bakin Faifai ta wurgo mini muciyarta, ta ce in tuƙa da ita, in na isa kuma in gaida mai igiya. Iskar hadari ta tura ni ta baya, na nufi inda kogi yake fita. Na yi nisa sai na jiyo muryar Korau, ba ta fushi ba, ta mai neman taimako.

"Baƙo, to wanne gefen za mu karanta?"

"Ranka ya daɗe, ni ɗan aike ne," na amsa masa. "Tambaya aka aiko ni in yi!"

Kogi ya ɗauke ni. Na wuce tsohon kunkuru a inda yake fito, ya miƙo wuya ya dube ni, ya ce ga na farko da ya dawo. Da auduga ta sha ruwa ta fara nauyi, na tuƙa zuwa gaɓa na tuɓe ta na rataye a reshe. A Mashigin Matsi birai suna hango ni suka ruga suka ɗauko man kaɗanya, ni kuwa na wuce ta tsakiya ko kafaɗata ba ta goga ba. Babbansu ya bi ni da kallo, ya ce duniya ta lalace.

Na shigo Kwarin Tsamiya cikin ruwan marka, jiƙe sharkaf, muciya a kafaɗa. Yara suka wuce ni ba wanda ya ce Tulu. A ƙofar gidana na tarar da takalman mata birjik. A zaure ga wan Tasalla ya yi alwala yana gyara hula zai shiga, an haihu da hantsin nan, an gaji da jiran uba. Na ce ya dakata. Ya ce malam daga ina? Na ce daga gidan nan. Aka yi ta musu, har na zaro igiyar rama na ce a kai wa mai jego.

Sai na ji muryarta daga ciki, a gajiye amma da dariya a ƙarƙashi. Ta ce igiya dai tata ce, in wanda ta ba ne ya kawo ta, ya zo ya gwada ƙofa.

Na shiga kai tsaye, ba kaikaice, har da sauran wuri. Ungozoma ta miƙo mini 'yar jaririya, mace, ja-jawur, ba ta fi ƙwaryar fura nauyi ba. Na sunkuya na yi mata huɗuba, Tasalla tana kallona tana cewa wa ya cinye mata rabin miji. Ranar suna aka sa mata Hauwa'u, amma a gida Marka muke kiranta. Da muciyar nan aka tuƙa tuwon sunan.

Dattawa suka zo karɓar sirri, na ba su labari daga farko har ƙarshe. Mai unguwa ya ce shi wajen Gidan Albarka ne ya fi ba shi sha'awa, ya tambaya ko tafkin garinmu zai ɗauki Faifai. Na ce a bari a ci abinci tukuna. Ni na yi rabon da hannuna, na faro daga waɗanda suke tsugune a waje ƙarƙashin indararo, sai da na zagayo sannan na iso kansa da malmala irin ta kowa. Har yau yana cewa aiken banza aka yi. Fatake kuwa sun ce yanzu alluna biyu ne a Faifan Zunduma, ɗaya gabas ɗaya yamma, Korau yana kai da kawo tsakaninsu, mutane suna ta gardama daga shekara zuwa shekara, kowa da ƙarfin yin gardamar.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, in na ƙara Allah ya yafe, in na rage ciki ne ya tuna wani abu. Igiya tana nan rataye a bakin ƙofa, don Tasalla ta ce ta san mijinta. Kullum da safe nakan ɗaga Marka sama in ji ta fi jiya nauyi, in yi murna. Sannan in waiwaya in dubi uwarta da kyau. In na ga wuyanta ya fara faɗawa, sai in tura mata akushina.